Wayar da ke cikin bango

A daren wata Talata cikin watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Yamai ya kai matakin da ma'auni kan haura digiri 43 da rana, dare kuma ba ya kawo wani sauƙi na a zo a gani, mai ɗakina ta tashe ni wajen ƙarfe biyu ta ce tana jin ƙaurin roba. Mun shimfiɗa tabarmi ne a tsakar gida tare da yara kamar yadda aka saba da bazara, don haka da farko na ɗauka wani ne yake ƙona shara a bayan katanga. Ta ce a'a, daga ciki yake fitowa. Na ɗauki tocila na bi ƙaurin har mangaza, inda muke ajiye injin daskarewa da take yin ƙanƙarar sayarwa da shi. Da na janye injin daga jikin bango sai na ga soket ɗin da ke bayansa ya yi baƙi, robarsa ta narke ta zubo kamar kakin zuma, bangon kuma daga nan har kamu biyu sama ya ɗau zafin da tafin hannu ba ya iya daɗewa a kansa. Na ruga na sauke babban makunnin da ke kusa da kontar, wato mitar wuta, gidan ya yi duhu, na dawo na tsaya ina haska abin da ke jingine a wurin, buhunan gero biyu da kwalayen littattafan yara da jarkar man gyaɗa. Bango ɗaya ne ya raba mangazar da ɗakin da mahaifiyata take kwana, ita kuwa ƙafa ta riga ta yi mata nauyi, ba ta tashi sai an kama ta.

Tun daga wannan dare nake son in rubuta abin da ya biyo baya, domin na san gidaje da yawa a garin nan suna cikin halin da namu yake ciki ba tare da masu su sun sani ba.

Gidan yana unguwar Banifandu, an gina shi sama da shekara 20 da suka wuce, a lokacin da buƙatar iyali ba ta wuce ƙwan fitila a kowane ɗaki da fanka da rediyo da talabijin guda ba, kuma wanda ya ja wayoyin a wancan zamani ya ja su ne daidai wannan buƙata. Daga baya Allah ya buɗa, muka sayi firigo, sannan injin daskarewa, sannan injin tura ruwa zuwa tanki, sannan na'urar sanyaya ɗaki, wato kilim, da muka sa wa Hajiya mahaifiyata saboda zafi yana wahalar da ita ƙwarai. Lokacin da za a sa kilim ɗin na je ofishin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, na nemi a ƙara mana ƙarfin wuta daga kilowat 3 zuwa 6, aka yi, ni kuma na ɗauka shi ke nan an gama. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko siraran wayoyin da ke binne cikin siminti za su iya ɗaukar wannan sabon kaya. Na faɗaɗa ƙofar gida ne na bar lungun da ke bayanta a ƙuntace.

Alama ta zo mako uku kafin wancan dare. Ɗaya daga cikin ƙananan makatsan wuta da ke cikin allon rarraba wuta, waɗanda masu sana'ar ke kira dijonktar, ya riƙa faɗuwa duk lokacin da aka jona dutsen guga alhali kilim yana aiki. A tada shi, ya sake faɗuwa. Da abin ya ishe ni na kira wani matashi da na ga lambarsa rubuce da fenti a jikin wata katanga a kan hanyata ta zuwa aiki. Bai yi rabin awa ba ya iso a kan babur, ya buɗe allon, bai tambaye ni abin da ke jone ba, bai shiga ɗaki ko ɗaya ba, ya cire mai lamba 16 ya sa mai lamba 32, ya ce mini: “Alhaji, wancan ya yi ƙanƙanta ne. Na sa maka babba, ba zai sake damun ka ba.” Na ba shi jaka uku har da godiya, kuma gaskiya ne bai sake faɗuwa ba. Ban kawo wannan domin in ci mutuncin yaron ba, ina kyautata zaton shi ma haka ya ga ana yi, kuma abin da na nema ya ba ni, tunda ni ban ce ya binciko dalilin faɗuwar ba, cewa na yi ya hana ta.

Washegarin daren ƙaurin na kai maganar fadarmu, inda muke zama shan shayi bayan Isha'i. Kowa ya kawo sunan nasa mai gyaran, amma wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta, ya ce da ni kada in tambayi wa ya iya gyara, in tambayi wa ya ja wutar gidan da ya shekara goma ba a kira kowa gyara ba. Ya ja ni gidansa a daren ya buɗe mini allonsa. Makatsa takwas ne a jere, a ƙarƙashin kowanne an rubuta da biro ɗakin da yake tsarewa, wayoyin kuma sun shigo a miƙe, kowace da launinta, babu wadda ta hau kan wata. Ban san komai a kan sana'ar ba a lokacin, amma gani ya kori ji, na karɓi lambar wanda ya yi aikin.

Mutumin zai kai shekara 60. Ya ce zai zo ƙarfe tara, ƙarfe tara kuwa ya yi sallama tare da yaronsa, ya tsaya a ƙofa har aka sanar da mata suka kintsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, domin mai gyaran wuta yana cikin ƴan tsirarun baƙin da ake bari su shiga har uwar ɗaki, su ga makwancin mutum da wurin ajiyarsa, don haka tun kafin a kai ga gwanintar hannu akwai batun kunya da amana. Abu na farko da ya nema shi ne takarda. Ya bi ɗaki-ɗaki yana duba ƴar alamar da ke manne a bayan kowace na'ura yana rubuta yawan wat ɗin da take ci, ya tambayi mai ɗakina lokacin da take guga da lokacin da ake tura ruwa, sannan ya zauna a kan tabarma ya yi lissafi a gabana. Ya ce wutar gida tana zuwa ne da ƙarfin bolt 220, kuma in an raba wat da bolt ana samun amper, wato yawan wutar da ke gudu a cikin waya. Dutsen gugarmu na wat 2000 shi kaɗai yana jan amper 9, kilim yana jan wajen 6, a ɗora firigo da injin daskarewa da injin ruwa. Bayan ya cire soket ɗin da ya ƙone ya killace bakin wayar, ya sa aka kunna komai na ɗan lokaci, ya maƙala wa wayar wani ma'auni mai baki kamar na ƙaguwa, ya juyo mini da fuskarsa in gani da idona. Amper 21 ya nuna, duka a kan layi ɗaya, layin kuma na waya mai kaurin milimita murabba'i 1,5 ne, wadda suke kira ɗaya da rabi, wadda aka yi domin fitilu.

Da na ba shi labarin makatsin da aka canza, ya yi shiru kaɗan sannan ya ce: “Alhaji, dijonktar ba don firigo aka yi shi ba, don waya aka yi shi. Wanda ya riƙa faɗuwa gaskiya yake gaya maka, sai aka rufe masa baki.” Ya bayyana mini cewa kowace waya tana ɗumama gwargwadon wutar da ke bi ta cikinta, kuma aikin makatsi shi ne ya yanke wutar kafin zafin ya kai ga narka robar da ta lulluɓe ta, saboda haka girman makatsi yana bin kaurin waya ne, ba ya bin son ran mai gida. A ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda ita ce ya koyi aiki a kanta, waya ɗaya da rabi ba a sa mata makatsin da ya wuce amper 16, biyu da rabi ba ta wuce 20, mai lamba 32 kuwa sai waya mai kaurin milimita murabba'i 6. Wato tsawon mako uku wayarmu tana dahuwa cikin bango, mai gadin da aka sa mata kuma an ba shi umarnin kada ya motsa sai wutar ta ninka abin da za ta iya ɗauka. Ya ƙara da cewa bazara tana tsananta abin, domin wayar da ke ƙarƙashin rufin kwano ta riga ta yi zafi tun kafin a ɗora mata kaya, kuma a lokacin da kowa ya kunna na'urorinsa ƙarfin wuta ya ragu, injinan firigo da kilim sukan ja amper fiye da yadda suka saba.

Daga nan yaron ya hau cikin silin da tocila, yana kiran abin da ya gani, maigidansa yana rubutawa. Mahaɗan wayoyi da dama an murɗe su ne kawai da hannu an naɗe da baƙin salatif, zafin shekaru ya busar da shi ya warware, wasu ma ɓera ya ɓare musu riga. Mahaɗar da ba ta ɗauru da kyau ba, in ji shi, nan ne zafi yake fara taruwa, kuma yawancin soket ɗin da ya gani sun ƙone a rayuwarsa daga sako-sakon ɗauri suka fara. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne guntun wayar da ya yanko daga layin mangaza, wanda wani ya ƙara mana shekarun baya lokacin da aka sayi injin daskarewa. A ido jan ƙarfe ne sak. Ya zaro wuƙa ya kankare bayanta sau biyu, sai ga fari ya bayyana. Sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Irin wannan waya ba ta iya ɗaukar abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai ɗauka, tana saurin karyewa in an lanƙwasa ta, tana kuma sakin jiki a ƙarƙashin kusar da aka ɗaure ta da ita. Na juya guntun a hannuna na daɗe ina kallo, ina tuna cewa ni na biya kuɗinta, kuma a lokacin na yi murna da sauƙin farashin.

Ana cikin haka mai ɗakina ta faɗi wata magana daga bakin madafa, kamar ba komai ba. Ta ce dama injin daskarewar yakan ɗan ja ta in ta taɓa shi ba takalmi bayan an wanke daɓen, shi ya sa kullum take sa silifas, yara ma sun san haka. Ni ban taɓa ji ba. Malamin gyaran ya ajiye biro ya tambaye ta: “Hajiya, tun yaushe?” Ta ce ya fi shekara. Nan ya buɗe soket uku ya nuna mini cewa waya biyu ce kawai a cikin kowanne, babu ta uku mai launin kore da rawaya, wadda ake haɗawa da sandar da aka kafa cikin ƙasa. Gidan gaba ɗaya ba shi da wannan waya. Amfaninta shi ne, idan rigar wata waya ta lalace a cikin na'ura har wuta ta hau jikin ƙarfenta, wutar ta sami hanyar zurarewa ƙasa, maimakon ta jira jikin wanda zai taɓa. Tare da ita ake sa wani makatsi na musamman da suke kira diferansiyel, wanda yake kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, da zarar ya ga giɓin da ya kai miliamper 30, wato kashi 30 cikin dubu na amper ɗaya, sai ya yanke cikin ƙiftawar ido. An zaɓi wannan adadi ne saboda wutar da ta haura shi kaɗan, in ta ratsa ƙirjin mutum, tana iya rikita bugun zuciya, alhali makatsi na yau da kullum ba zai ko motsa ba sai wuta ta kai amper da dama. Na yi ta tunanin ƙaramar ƴarmu da take buɗe injin nan sau goma a rana tana miƙa wa masu saye ƙanƙara, da jiƙaƙƙen hannu.

Kafa sandar ma ba a yi shi da ka ba. Ƙasar unguwarmu rairayi ce busasshiya, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da sauƙi. Ya zaɓi gefen da ruwan wanki yake malala, ya sa aka haƙa, aka buga sandar, sannan ya auna da wata na'ura da ya aro wurin abokin sana'arsa. Adadin turjiyar da ƙasar take yi wa wuta ya haura om 100 da ƙa'ida ta iyakance, sai ya sa aka ƙara sanda ta biyu nesa kaɗan aka haɗa su, ya sake aunawa har ya gamsu. Ya ce gara a auna da bazara, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, domin abin da ya wadatar a Afrilu zai wadatar a Agusta.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne nake ganin yawancinmu muke kuskure. Bayan kwana biyu ya kawo mini takardar ƙiyasi shafi biyu, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, kowane abu da yawansa da kaurinsa. Jimillar ta wuce albashina na wata. Na fara ciniki kamar yadda kowa zai yi, na ce ko za a sa waya mai sauƙi a wasu ɗakunan, ko a bar diferansiyel ɗin sai gaba. Ya ce: “In kuɗin hannuna ne za mu daidaita, in kuma nauyi ya yi yawa sai mu raba aikin kashi uku, mu fara da abin da zai iya kashe mutum. Amma kaurin waya ba na ciniki a kansa.” Haka aka yi. Mukan kashe kuɗi ba tare da ƙorafi ba a kan tayil da fenti da ƙofar ƙarfe mai ado, saboda baƙo zai gani ya yaba, in aka zo kan abin da za a binne cikin bango sai mu nemi mafi araha, mu kuma ba wanda ya faɗi mafi ƙarancin kuɗi, alhali shi wannan ragin daga wani wuri zai fito, ko daga kaurin waya, ko daga sandar da ba a kafa ba, ko daga awannin binciken da ba a yi ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, a harkar wuta kuwa abin ya wuce rashin ado. Rabin yinin da mutumin nan ya yi yana tambaya yana aunawa kafin ya kwance kusa ɗaya shi ne mafi tsadar abin da ya sayar mini, kuma shi ne abin da ba mu saba biya ba, domin a ganinmu wanda bai riƙe filaya ba bai fara aiki ba.

Tare muka je kasuwar Katako sayen kaya, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka, ko ba don tsoron a cuce shi ba, don abin da zai koya. Yakan ɗaga naɗin waya na mita 100 ya ji nauyinsa a hannu, domin jan ƙarfe ya ninka sanholo nauyi fiye da sau uku, ya karanta rubutun da ke jikin robar, ya nemi mai shago ya kankare bakinta. Mai shagon da muka tsaya wurinsa bai ɓata rai ba ko kaɗan, ya fito da iri biyu ya faɗi gaskiyar kowanne da farashinsa, ya ce mutane ne suke zuwa suna neman mai sauƙi. Mun sayi ja da shuɗiya da mai kore da rawaya, domin kowace ta tsaya a aikinta, wanda zai buɗe bangon nan bayan shekara 20 ya gane abin da yake gani. Rasit ɗin kowane kaya yana hannuna. Kuɗin hannu kuwa mun yi shi kashi-kashi, wani a farko, wani a tsakiya, cikon bayan an gwada komai a gabana.

Akwai abu ɗaya da ban sa a lissafi ba, shi ya gano shi da kansa. A watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana ta layin da ya taso daga Birnin Kebbi, a zamanin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar nan take amfani da ita daga can take zuwa, gidaje da yawa a Yamai sun koma ga janareta da faranten hasken rana da batura. An maido da wutar a watan Maris na 2024, tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 ma ta fara aiki a tsakanin, amma kayan da aka saya a wancan lokaci suna nan cikin gidaje, da yawansu an haɗa su cikin gaggawa. Ni ma na sayi ƙaramin janareta, wani ya haɗa mini waya mai kai biyu, ɗaya a soka a janareta ɗaya a soket ɗin bango, da sharaɗin in riƙa sauke babban makunni tukuna. Da malamin ya ga wayar rataye a ƙusa, ya nemi izinina ya datse ta gida biyu. Ya ce ranar da aka manta ba a sauke makunnin ba, wutar janaretan za ta fita ta bi layin unguwa, kuma ma'aikacin da ya hau turke yana gyara da tabbacin an yanke wuta zai iya rasa ransa ta dalilin gidana, ba tare da na ma sani ba. In kuma wutar gari ta dawo ta tarar da ta janareta, injin ne zai ƙone. Ƙarfunan kan wayar da ke waje su ma wuta ce tsirara a hannun duk yaron da ya zare ta. Ya sa mana makunnin sauya layi mai matsayi uku, sama wutar gari, ƙasa janareta, tsakiya babu ko ɗaya, yadda biyun ba za su taɓa haɗuwa ba ko da mai kunnawa yana cikin magagin barci. Ya kuma sa muka ɗauke janaretan daga ƙarƙashin tagar yara zuwa can gefen katanga, saboda iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kuma kashe mai barci.

Kontar kam bai taɓa ta ba. Ya ce daga turke zuwa kontar da hatimin da ke jikinta hurumin kamfani ne, nasa aikin yana farawa ne daga bayanta. Duk mai gyaran da ya yi wa mutum tayin rage gudun kontar ko zagaye ta, sata yake kira zuwa gare ta, haramun ce a addini, laifi ce a doka, kuma irin wannan haɗi na ɓoye ba shi da makatsin da zai tsare shi. Ni dai ba zan bar mai irin wannan tayi ya shiga ɗakin iyalina ba.

Wasu a fada sun tambaye ni ko sai mai takardar makaranta za a nema. Akwai makarantun sana'a a garin nan, irin su Isa Beri da Kalmaharo, kuma takardar CAP ko BEP a fannin lantarki shaida ce mai daraja, malamin namu ma yana da tasa. Amma akwai ƙwararru da suka tashi a hannun maigida nagari ba su zauna a aji ba. Abin da na lura da shi a kwana tara da ya yi yana aiki a gidana ya fi takarda bayyana. Bai taɓa kama waya ba sai ya sauke makunni ya kuma gwada da ma'auni ya tabbatar babu wuta, ko da shi da kansa ya sauke. Ba ya barin yaronsa ya yi haɗi sai ya duba, yana kuma gaya masa dalilin kowane abu da murya ƙasa-ƙasa. Da na tambaye shi abin da ba fanninsa ba, wato gyaran cikin kilim, ya ce in kira mai wannan sana'a. Kowace yamma kafin ya tafi sai ya bar mana fitila da fanka suna aiki a ɗakin Hajiya, ya sa yaron ya share ɓaraguzan siminti.

Yanzu kilim yana da layinsa shi kaɗai, injin daskarewa da firigo suna da nasu, injin ruwa ma haka, duka da waya biyu da rabi cikin tiyo. Soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa an canza su da masu murfin da yaro ba zai iya tura ƙusa ba. Tsofaffin ƙwayayen fitila na wat 60 mun maye su da na zamani masu wat 9, haskensu kuma bai gaza ba. Firigo da injin daskarewa an sa musu ƴar na'urar da ke jinkirta tashinsu na ƴan mintoci bayan wuta ta dawo.

Mako biyu da gama aiki ya dawo ba tare da na kira shi ba, ya sauke wuta, ya bi kusoshin allon ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ɗaure su, ya ce jan ƙarfe yakan ɗan kwanta bayan ya fara aiki. Ya manna zanen layukan gidan da ya yi da hannunsa a bayan murfin allon, ya kira mai ɗakina da babban ɗanmu ya nuna musu makunnin da za su sauke in wani abu ya faru ba na nan, ya gargaɗe su kada a zuba wa wutar lantarki ruwa, a sauke makunni a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ya nuna musu ɗan maɓallin gwaji da ke jikin diferansiyel, ya ce a danna shi farkon kowane wata, in wuta ta yanke nan take lafiya lau, in ba ta yanke ba a kira shi ko da dare ne. Sau huɗu ke nan muna dannawa, yaron ne ya ɗauki aikin a kansa.

Kashi na uku ya rage, wato faranten hasken rana da batir da za su riƙe fitilu da fankar ɗakin Hajiya in wuta ta ɗauke. Ya ce mu bari sai ruwa ya janye cikin Oktoba, kafin nan kuma in riƙa rubuta awa nawa fankar take yi a kunne kowace rana, domin da wannan lissafi zai san girman batirin da za mu saya. Takardar tana manne a bayan ƙofar ɗakinta, da biro ɗaure da zare.